Hanyar da Ta Ci Ɗakina

Yanzu kafin in shafa addu'ar asuba kabu-kabu sun fara gurnani a ƙofar gida, wannan na kiran Tsibiri, wancan na kiran babbar kasuwa, mai shayi ya ƙure rediyo kamar duk unguwar kurame ne. Da ba haka safiyar Maraɗi take ba, a gefen da muke. Taɓarya ce ke fara shiga kunnenka, wata ta buga daga gabas wata ta amsa daga yamma, kuma mai kunne yana iya bambanta turmin da ke da hatsi da turmin da ake bugu kawai don kada maƙwabta su gane an kwana ba a ɗora tukunya ba. Bayan nan sai ƙarar garwar 'yan ga-ruwa, sai kukan jakunan masu itace. Ban ce wancan zamanin ya fi wannan daɗi ba, kada wani ya sa mani magana a baki. Mun sha wuyar da ba na yi ma maƙiyina fatan ta. Abin da ya tono mani zancen shi ne kwanan baya mun wayi gari mun iske turakun siminti a filin da muke shanya da sallar gawa, wai meri, wato hukumar gari, ta yanka ta sayar. Babu wanda aka tambaya, ko da liman ne. Ga shi muna da konseye, wato kansila, wanda muka zaɓa da hannunmu, hotonshi har yau yana manne a bangona yana yi ma awaki murmushi. Na ce ma jikokina su tara mutane a je a yi magana, sai babbansu, mai gemu da takardun boko na lakwal, ya ce mani, "Kaka, ai haka ake yi." Ranar ban iya cin tuwo ba don takaici.

Daga Tsibiri aka kawo ni aure, lokacin nan wurin tsofaffin gonakin gyaɗa ne a bayan gari. Ba unguwa ba ce a idon hukuma, ba mu da mai unguwa, ba mu da fanfo, in mutum ya tambaye ka inda kake sai ka ce can bayan kududdufi. Mu da muka riga zuwa mun samu mun yi ginin ƙasa, gida na jingine da gida, lungu ya karkace yadda ya ga dama, wani wurin ma sai mai ɗauke da damin kara ya juya gefe kafin ya wuce. Sai damina ta ƙi, wadda ta biyo ta ita ma ta ƙi. Gulbi ya zama rairayi zalla, ana tona rami a tsakiyarshi ana jiran ruwa ya tsattsafo. Mutanen ƙauyukan arewa suka dinga kwararowa, wasu da jaki, wasu da tabarma kawai bisa kai, suka kafa bukkokin kara a yammacinmu har suka fi mu yawa. A cikinsu akwai Musulmi, akwai Arna masu tsafinsu na gado, yunwa ba ta tambayi kowa ba. Mazansu ba su daɗe ba, suna kafa bukka sai su wuce kudu, su tsallaka iyaka cin rani, wasu kuma su tafi Jiratawa ƙwadago a gonakin ban ruwa. Mata da yara aka bari. Mun ga ana jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, mun ga ana dafa ganyen jiga da ɗan gishiri a kira shi abinci, ga jar dawar taimako da in ka tuƙa ta sai ka ce laka.

A cikin wannan halin na gina ɗakina, kuma ni na gina shi, a bar ma maigida ladan sauran gidan. Shi dako yake yi ma wani Alhaji mai fataucin atamfa tsakanin nan da ƙetaren iyaka, abin da yake samu ciki ke cinyewa. Ni kuwa ina matsar mai da ƙuliƙuli, da gyaɗa ta ɓace na koma dakau da suyar ƙosai. Tubali ɗai-ɗai na dinga saye ina jerawa a gindin danga, ruwan kwaɓi a kaina na ɗauko shi daga gulbi, azarar rufi kuwa wani kawuna ya aiko mani da ita daga Tsibiri bisa amalanke. Ranar daɓe ƙawayena suka zo da madaɓai, muka yini muna bugu muna waƙa, aka zuba makuba har ƙasan ya yi jawur yana ƙyalli. Na jera tasoshina a bango tun daga ƙasa har kusa da rufi. Duk wadda ta shigo gidan sai na sami dalilin da zai sa ta leƙa. Ina da fahari da ɗakin nan, ban ɓoye ba a lokacin, ba kuma zan ɓoye yanzu ba.

Soja ne ke riƙe da ƙasa, wanda aka ɗora bisa meri ma soja ne. Wata rana gobara ta tashi a bukkoki, motar ruwa ta zo ta tsaya a bakin kududdufi ta rasa ta inda za ta shiga. Bayan nan sojan ya zo da kanshi, ya tsaya bisa tudu da hannu a ƙugu, ya ce unguwa ba hanya ba unguwa ba ce. Ya ce a buɗe hanyar da mota za ta ratsa, in an buɗe za a biyo ta da bututu a kafa fanfo, a kuma san da zamanmu. Ya ce mu nuna ma masu awo inda za ta bi kafin wata ya mutu, in ba mu nuna ba katafila za ta nuna mamu. Wuri biyu kawai hanyar ke iya bi. Ko ta yamma, ta tsakiyar bukkoki, ta kwashe gidajen da ba a iya ƙirgawa da kallo ɗaya. Ko ta gabas, ta cikin ginin ƙasa, inda gidaje kaɗan za ta taɓa: zauren wani, kicin ɗin wani, katangar filin da Alhajin maigida ya kewaye, da ɗakina gaba ɗayanshi. Ina da tsohon ciki a lokacin. Da aka faɗa mani sai na zauna bisa turmi, na ce to ai magana ta ƙare, kara ake tugewa a sake kafawa, wa ya taɓa tuge ginin ƙasa?

Sai dai ba a iya zama a yi shawara. Yaran yanzu ba za su gane wannan ba, su da ke tsayawa bakin titi suna zagin shugaba da sunanshi suna shan shayi. A lokacin in maza sun taru ba a masallaci ba, ba a kasuwa ba, kafin su watse labari ya isa bariki. Gwamnati na da kunne a kowane lungu, kuma ba ka san ko na wa ba ne, mai yiwuwa wanda ka ba ruwa jiya. An taɓa ɗauke wani tela don ya tara maƙwabta zancen rabon dawa, ya dawo ba ya son a yi mashi ko sannu da ƙarfi. Saboda haka sojan ya ce mu zaɓa, amma babu wanda ya yarda ya zama shi ne ya kira taro. Kowa na magana ƙasa-ƙasa a bayan danga, 'yan gabas na cewa yamma, 'yan yamma ba su cewa komai, don sun saba duk abin da za a yanke a kansu yake faɗawa.

Ana cikin haka na haihu, ɗiya mace, ta uku a ɗakina. Ƙanwar mahaifiyata, wadda nake kira Inna, ta zo daga Tsibiri yi mani wankan jego. Wanka ne na shekarar fari, garwa guda ake raba mani safe da yamma, Inna na faɗa tana tsoma ganyen darbejiya tana cewa a zamaninsu mai jego tukunya take ƙararwa. Itacen ma wata Ba'arniya ce daga bukkoki ke kawo mamu, sunanta Tarana, doguwa mai tsage a kumatu, mijinta ya tafi kudu ya bar ta da yara da tsohuwar uwarshi makauniya. Ba ta da yawan magana. Takan ajiye itace ta leƙa jaririya ta yi mata wasa da harshe, ta karɓi ɗan kunun kanwa a ƙoƙo ta ce za ta sha a gida, ni kuwa na san tsohuwa take kai mawa.

Kwana uku da haihuwa wanzamin unguwa ya zo duba bakin jaririya. Baba Wanzami muke kiranshi, tsoho ne gajere mai zabira a kafaɗa, kuma babu gidan da bai shiga, na Musulmi da na Arna, na mai kulle da na marar danga. Yakan ce shi ya san ƙeyar kowa a unguwar nan, don haka babu mai yi mashi girman kai. Da ya gama ya wanke hannu sai ya ja maigida gindin danga, ni ina daga ɗaki ina jin su sarai.

"Taron suna dai ba a hana ba," in ji shi. "Ranar sunan ɗiyar nan kowa zai zo, kowa za a ba goro. Mu ajiye ƙwarya da akushi a cikin zaure, a rufe da faifai. Kowa ya shiga shi kaɗai, wanda ke so hanya ta bi ta bukkoki ya saka goronshi a ƙwarya, wanda ke so ta bi ta gini ya saka a akushi. Wanda ya kai rahoto, mi zai ce? An raba goro a gidan suna?"

Maigida ya ce, "Har da Arna, Baba?"

"Ka taɓa yin suna ka hana su goro? Duk wanda ake ba goron suna maƙwabci ne."

Ban san lokacin da na ɗaga labule ba. Na ce, "Baba, ɗakin da ake magana a kai nawa ne. Maza za su zauna a waje su yanke mashi hukunci ni ina ciki ina shan kunu? Wallahi ba a sunan ɗiyata ba. In za a saka goro, mata ma su saka a taron yamma, a haɗa."

Inna ta ja zanena ta baya tana cewa mai jego ba ta ɗaga murya. Maigida ya kalli ƙasa, shi dama in na fara ba ya tare ni. Baba Wanzami ya kalle ni ya ce, "Ɗiyata, kin san abin da kike roƙo? In an haɗa an haɗa ke nan, ba a warewa."

Na ce na sani. A zuciyata ina lissafin ƙawayena na cikin gini, waɗanda muka yi daɓe tare, ina ganin duk goronsu nawa ne.

Ranar suna tun da aka fito asuba na ji ƙofar gida ta cika. Ba rago aka yanka ba, wani ɗan akuya ne da ƙashin haƙarƙarinshi ke ƙirguwa, amma maigida ya yi ƙoƙarin goro, Alhajinshi ne ma ya taimaka da shi bai san aikin da zai yi ba. Na ji liman ya yi addu'a, na ji maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan, mata suka yi guɗa a tsakar gida. Daga nan sai takun ƙafa, ɗaya bayan ɗaya, mutum ya shiga zaure ya fito. A sunan yanzu ana kafa rumfa da kujerun roba da na'urar kiɗa, amma ban taɓa ganin wanda aka yi shi da natsuwa irin wannan ba, tsofaffi masu jan baki suna riƙe da goro a shekarar da goro ya yi wuya, ba wanda ya kai shi baki. Da aka watse Baba Wanzami da liman suka buɗe faifai. Ba ƙirga suka yi ba. Ɗaya daga ƙwarya, ɗaya daga akushi, a jefa a buhu, haka har ɗaya ta ƙare. Akushi ne ya fara ƙarewa, aka bar ɗan abin da bai cika tafin hannu ba a cikin ƙwarya. Maza sun ce hanya ta bi ta bukkoki. Da maigida ya leƙo ya faɗa mani, na rungume jaririya na ce ta zo da goshi. Baba Wanzami ya bar ragowar a cikin ƙwaryar ya rufe, na buhun kuma ya wanke ya ajiye ma mata.

Da la'asar mata suka fara shigowa. Ƙawayena suka zo da lulluɓinsu, na tarbe su da fara'a har kunne. Sai kuma na ga 'yan bukkoki, ba ɗaya ba, ba goma ba, kamar an buɗe garke. Wata da ɗan ƙullin tafasa, wata da itace ƙwaya biyu, wata hannu sake sai barka kawai. Har tsohuwar makauniya Tarana ta jawo da sanda. Sai lokacin abin da kowa ya sani ya faɗo mani: mazan bukkoki ba su nan, shi ya sa ƙwarya ta yi rinjaye da safe, matansu kuwa ga su nan reras. Tsakar gida ta cika har bakin rijiyar da ta ƙafe. Aka kife wata ƙwaryar a ruwa ana kiɗa don masu wucewa su ji biki, Baba Wanzami na tsaye bakin zaure yana miƙa goro yana yi ma kowace bayani a hankali. Wata tsohuwa ta tambaye shi har sau biyu ko da gaske nata ma daidai yake da na liman. Ya ce daidai yake. Ta juya goron a hannu ta shiga. Ni ma na tashi da ƙyar na je na saka nawa a ƙwarya, da ƙarfi, har sai da ya yi ƙara, kuma ko yau aka sake a nan zan saka.

A ƙofar ɗakina aka buɗe, gaban kowa. Kiɗa ya tsaya. Hannun tsohon na shiga nan ya shiga can, ɗaya da ɗaya, ba ka jin komai sai faɗuwar goro a buhu da tsotson jaririya. Ina kallon ƙwarya tana raguwa ina cewa a raina akwai saura a ƙasa. Sai na ji farcenshi ya karci gindinta. Akushi kuwa da sauran goro a ciki, ba kaɗan ba. Ko 'yan bukkoki duka sun saka a can, lissafin bai kai haka ba sai da hannun 'yan gini. Na ɗaga ido na dubi ƙawayena. Wadda ta fi kusa da ni, wadda ta ja waƙa ranar daɓe, ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ce, "Ni na saka a akushi, kada ki zargi wata. Ɗaki ɗaya ne naki, ƙawata, can kuwa yara nawa za su kwana a fili? Kuma na gaji da sayen ruwa." Na ji kamar in watsa mata kunun da ke gabana. Ban yi kuka a gabansu ba, sai da suka watse na shiga na rufe ƙofa, na kalli tasoshina na yi mai isata. Na ji haushin ƙawata, na ji haushin Baba Wanzami, na fi jin haushin bakina da ya roƙo mani wannan.

Yau in lokacin zaɓe ya zo ana kawo mamu sabulu da turmin atamfa, a ɗauke mu a mota, a shafa mamu tawada a yatsa. Wanda ya ci ya tafi, wanda ya faɗi ya ce an yi mashi maguɗi, mu kuma mu koma gida babu abin da ya taɓa jikinmu, don ba a tambaye mu komai ba sai fuskar da ta fi mamu kyau a takarda. Ba na raina shi, na sha layi a rana saboda shi kuma zan sake sha. Amma wancan na goro abin da aka tambaye mu a ƙofar gidanmu yake, kowa ya san bangon da zai faɗi da mai shi, kuma gobe da safe za ku haɗu a lungu ku gaisa.

Washegarin suna wakilin Alhaji ya zo, mutum mai babbar riga da ƙamshin turare, ya zauna a zaure da maigida, ya ce a kira ni in tsaya daga bayan ƙofa. Ya yi barka, ya ajiye ma jaririya turmin atamfa. Sannan ya ce Alhaji ya ji abin da aka yi, kuma ya yaba, maza sun yi shawara sun ce yamma. Abin da aka yi da la'asar kuwa wasan biki ne na mata, ba a kai irinshi gaban hukuma. Sojan lokacin ba ya son a ce attajiri ya juya shi, don haka Alhaji ba zai je da kanshi ba. Abin da ake so, maigida, da yake shi ne mai suna, ya riga Baba Wanzami zuwa meri ya shaida cewa unguwa ta zaɓi yamma. Katangar Alhaji ta tsira, ɗakina ya tsira.

"Ba ƙarya zai yi ba," in ji wakilin. "Maza sun faɗi haka ko ba su faɗa ba?"

Na san abin da ke ran maigida, tuwon gidanmu daga ƙofar Alhaji yake fitowa. Can ya ce, "Ɗakinta ne. Abin da ta ce shi ke nan."

Inna ta matso ta raɗa mani, "Karɓi, 'yar nan. Allah ne ya kawo maki mafita. Da ɗanyen jiki za ki kwana a rumfa?"

Ina so in karɓa, Allah ya sani. Bakina har ya buɗe. Abin da ya tsaya mani a wuya kalmar nan ce ta wasan biki. Ni na ɗaga labule na ce a sa mata, ni na ce na san abin da nake roƙo. In na yarda goron Tarana wasa ne, to nawa ma da na jefa har ya yi ƙara wasa ne, kuma daga ranar duk abin da za a yanke a unguwar nan sai dai in ji shi daga bayan ƙofa, kamar yadda nake tsaye yanzu. Na ce, "A gaida Alhaji, a ce mun gode da atamfa. Amma an haɗa, kuma an kada ni. Maigida ba zai je ba."

Wakilin ya ce, "Kin san abin da wannan zai jawo ma mijinki?"

Na ce, "Shi ma ya sani, ga shi nan zaune."

Ya tashi ya kaɗe riga. Atamfar dai ya bar ta, amma kafin sati ya zagayo an ce ma maigida ya huta da zuwa dako. Sai Jiratawa ya koma, yana fita da duhu-duhu a ƙafa yana yini cikin taɓo a gonar wani, ya dawo da ɗan abin da ya samu da ganyen da aka bar mashi. Bai taɓa yi mani gori ba ko sau ɗaya, Allah ya jiƙanshi. Inna kuwa ta yi kwana biyu ba ta yi mani magana sai ta wanka, kuma ruwan ya ƙara zafi.

Baba Wanzami da liman suka je meri suka nuna gabas. Sojan bai tambayi yadda aka yi ba, su ma ba su faɗa ba. Masu awo suka zo suka ja igiya, suka shafa farar ƙasa a bangaye, layin ya shiga ta ƙofar ɗakina ya fita ta bayanshi. Aka ce mu rushe da hannunmu mu tsira da itacen rufi, in katafila ta zo ba ta ware komai. Unguwa ta sa ranar gayya, aka ce za a fara da nawa tunda shi ne babba, in an gama a taru a yi mani wani a kusurwar gidan da ta rage.

Ban yi arba'in ba ranar ta zo. Da hantsi maza suka shigo da diga da shebur, matan bukkoki suka biyo su da tulunan ruwan kwaɓi a kai, ruwan da na san daga bakin yaransu suka rage shi. Na riga na kwashe tasoshi na kife su a gindin danga. Sai kowa ya tsaya. Mai diga ya kalli na kusa da shi, na kusa da shi ya kalli Baba Wanzami, Baba Wanzami ya shiga gyaran zabirar da ba abin da ya same ta. Ƙawata tana can baya ta rufe baki da mayafi. Babu mai son a ce shi ya fara sara a ɗakin mai jego tana tsaye tana kallo. Rana na ta hawa, na ga in aka biye masu za a watse ba a yi komai ba, gobe katafila ta zo ta haɗa da azarata.

Na kwance goyo na miƙa ma Tarana. Inna ta ce, "Ke, jikinki ɗanye ne." Na ce na ji. Na karɓi diga daga hannun wani saurayi, ta fi yadda na zata nauyi. Na zagaya ta gefen taga, inda na san tubalin bai sha ruwa sosai ba don ranar da aka yi wurin tuluna ya fashe a hanya. Na yi bisimilla na ɗaga na sara. Ƙasa ta zubo mani bisa ƙafa. Na sake sarawa har rami ya buɗe, na hango jan daɓena ta ciki rana ta faɗa mashi.

Na miƙa ma saurayin digarshi. Na ce, "To, ku ci gaba. Amma ku hau ku kwance azarar nan a hankali, kada wanda ya karya mani ko ɗaya, da ita zan sake rufi."